Filayen itatuwa da aka yi watsi da su a cikin gari: yadda zaman zane da shawara ke farfaɗo da su

A garuruwan gabashin jihar Tawa, daga Urno da Madawa zuwa Buza da Keita, akwai wani irin wuri da kowa ya sani: fili a tsakiyar unguwa ko a bakin gari, da ƴan itatuwan bedi uku ko huɗu da suka saura, da guntun waya mai tsatsa, leda ta maƙale a ƙaya, awaki na kiwo bisa juji. Galibi an taɓa dasa itatuwa a wurin, wani lokaci ma har da biki da jawabi. Bayan damina biyu ko uku sai wurin ya koma kango.

Wannan bayani ya duba dalilan da ke kashe irin waɗannan filaye, da wata hanya da ake bi a ƙasashe da dama domin farfaɗo da su, wato zaman zane da shawara, inda mutanen unguwa da kansu ke zana wurin, su yi wasan kwaikwayo a kansa, su ƙera siffarsa da laka, kafin a haƙa rami ko ɗaya. Amfanin hanyar shi ne tana fito da tambayoyin da ake kauce musu ranar dashe: wurin na wa ne, wa zai ba da ruwa, wa zai tsare, wa zai ci amfanin itacen in ya girma.

Waɗanne filaye ake nufi

A manyan garuruwa kamar Madawa, duk lokacin da ma'aikatar magajin gari ta yanka filaye, taswirar yankan kan ware wasu wurare da ba na gina gidaje ba ne. Wasu an tanade su don makaranta ko asibiti ko kasuwa, wasu kuma don itatuwa da hutawar jama'a, su ne ake kira espaces verts da Faransanci. A garuruwa irin Urno, hedikwatar ƙaramar hukumar karkara a gundumar Madawa, yawancin filayen ba su da wannan suna a takarda, amma suna nan: farfajiyar makaranta, harabar gidan likita, gefen kasuwa da tashar mota, filin idi, kewayen maƙabarta, bakin tabki da kududdufan da aka haƙa wajen bugun bulo, da tsoffin gandayen itatuwa na gari da aka dasa tun shekarun 1970 da 1980.

Amfaninsu a bayyane yake ga duk wanda ya yi bazara a wannan yanki, inda zafi kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Inuwa ce ga majinyata da masu jinya, da ƴan makaranta, da mata masu talla. Itatuwan na rage ƙarfin iskar hunturu da ƙurarta, saiwoyinsu na riƙe bakin ƙorama kada ruwa ya ci gidaje. Fili mai itatuwa da mutane ke zama a cikinsa kuma ya fi wuyar sayarwa a ɓoye fiye da kangon da ba mai leƙa shi.

Abin da ke kashe su

Na farko shi ne ruwa. Damina a nan ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, daga Yuni zuwa Satumba. Tun 1975 ake bikin dashen itatuwa a Nijar ranar 3 ga Agusta, lokacin da ƙasa ke da laima, don haka dashe kan kama da farko. Gwajin gaskiya yana zuwa daga Oktoba zuwa Mayu, wata takwas ba ɗigon ruwa.

Na biyu dabbobi. Da an kwashe amfanin gona ake sakin bisashe, kuma ɗan icce marar kariya ba ya kwana biyu a gaban akuya.

Na uku shara. Inda ba a tanadi wurin zubar da ita ba, filin da ba mai shi ne ke zama juji. Nijar ta kafa dokar hana ledar da ba ta ruɓewa tun Nuwamban 2014, amma ledar na nan a kasuwanni da kan ƙayoyi.

Na huɗu cin iyaka. Yau wani ya kafa rumfa, gobe wani ya ajiye bulo, jibi a ga katanga. Babban misali a ƙasar nan shi ne ɗamarar itatuwa ta Yamai, wadda aka fara dasawa a 1965 har ta kai wajen hekta 2,500, yawancinta bedi, amma yankan filaye da gine-gine da juji suka cinye wani babban sashe nata.

Duk waɗannan dalilai tushensu guda: ba a tsai da wanda wurin ke hannunsa ba. Mutanen unguwa na ganin na hukuma ne, ma'aikatar magajin gari na ganin aikin ma'aikatan gandun daji ne, su kuma sun kawo dashe sun gama nasu.

Darasin Majiya da na Keita

Wannan yanki ba baƙo ba ne a harkar dashen itatuwa. Biyu daga cikin ayyukan da aka fi ambata a duk faɗin Sahel a nan aka yi su, kuma ko da yake a gonaki da tsaunuka ne ba a cikin gari ba, abin da suka koyar ya shafi filin unguwa kai tsaye.

A kwarin Majiya, cikin gundumar Buza, bayan farin farkon shekarun 1970, iska ta riƙa kwashe ƙasar gonaki tana binne shuka. Wani jami'in gandun daji na Buza, Daouda Adamou, tare da wani Ba'amurke ɗan sa-kai na Peace Corps, suka nemi taimakon ƙungiyar CARE, aka fara dasa layukan tare iska a 1975 a wajen Garadume. Kowane shinge layi biyu ne na bedi, tsakanin shinge da shinge mita 100, daga baya aka haɗa da bagaruwa. Kafin ƙarshen shekarun 1980 tsawon layukan ya haura kilomita 400, kuma binciken da aka yi a gonakin da ke tsakaninsu ya nuna ƙarin amfanin hatsi da ya kai wajen kashi 15 zuwa 20 cikin 100.

Itatuwan sun rayu ne saboda an ɗauki masu gadi ana biyansu, an kuma hana dabbobi shiga wuraren da aka yi sabon dashe na wasu shekaru. Wannan hani ya ƙuntata wa makiyaya da matan da ke kiwon awaki da tumaki, waɗanda suka saba da kiwon rani a kwarin. Da itatuwan suka isa sara a shekarun 1980, sai wata tambaya ta taso: itacen na wa ne? Na mai gonar da layin ya ratsa, ko na garin da ya yi gayyar dashe, ko na gwamnati, tunda dokar daji ta lokacin ta ba ta iko da itatuwa? Sai da aka zauna aka tsara yadda za a riƙa sassabe rassa da raba azara da kuɗinta ta hanyar ƙungiyoyin mutanen kwarin. An share kusan shekara goma ana dashe kafin a fuskanci tambayar da ta kamata a fara da ita.

A Keita, aikin raya karkara da aka fara a 1984 da kuɗin Italiya, ƙarƙashin kulawar hukumar FAO, tare da abincin da hukumar PAM ke bai wa ma'aikata, ya farfaɗo da fako da gangaren tsaunuka fiye da hekta 30,000, aka dasa itatuwa kusan miliyan 18 cikin shekara ashirin. Mafi yawan waɗanda suka fasa dutse suka haƙa ramuka mata ne, domin maza na wajen cin rani a Najeriya da Kodebuwa da sauran ƙasashe. Darasin a nan shi ne a san waɗanda ke gari a watannin rani, domin su ne za su ɗauki nauyin wurin. Taron da maza zalla suka yanke shawara a watan Agusta, aikinsa a kan mata da yara zai faɗa a watan Maris.

Akwai kuma darasi na uku daga maƙwabciyar jihar Maraɗi. Tun 1983 aka fara yaɗa sassaben zamani, wato barin tohon kututture a gona ana gyara shi har ya zama icce, aikin da aka san Tony Rinaudo da shi. An ƙiyasta cewa hanyar ta mai da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Ta yaɗu ne domin manomi ya ga cewa iccen da ya raina shi zai amfana da shi. A ranar 30 ga Yulin 2020 gwamnati ta fitar da doka da ta tabbatar wa manoma wannan haƙƙi.

Mene ne zaman zane da shawara

Taro ne na mutanen da ke amfani da wani wuri, ko suke zaune kewaye da shi, inda ake amfani da zane da wasa da ƙira a maimakon jawabi. Masu ayyukan raya ƙasa na kiransa atelier participatif. Bambancinsa da taron faɗakarwa da aka saba shi ne, a faɗakarwa jami'i ke magana jama'a na saurare, a nan kuwa jama'a ke nuna abin da suka sani, jami'i na tambaya yana rubutawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Dalilin amfani da zane da wasa mai sauƙi ne. A taron ƙofar fada, al'ada ba ta bari yaro ya musa wa dattijo, ko mace ta katse maigari. Wanda bai yi boko ba kuma ba zai karanta taswirar injiniya ba. Amma kowa na iya ɗaukar tsinke ya ja layi a ƙasa ya nuna hanyar da yake bi zuwa rijiya, kuma abin da ba a iya faɗa wa mutum ido da ido ana iya sa shi a bakin ɗan wasa a yi dariya, saƙon ya isa.

Hanyar na da tushe biyu. Na farko dabarun binciken karkara tare da jama'a, waɗanda masana irin su Robert Chambers na Ingila suka yaɗa a shekarun 1980, suka shigo ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci a farkon shekarun 1990 da sunan MARP. Daga nan aka samo taswirar ƙasa, da zagayen gani da ido, da jefa tsakuwa don zaɓe. Na biyu wasan kwaikwayon da Augusto Boal na Brazil ya ƙirƙiro a shekarun 1970, wanda ake tsai da wasa a tsakiya a gayyaci ɗan kallo ya shigo ya nuna yadda shi zai warware matsalar. A Burkina Faso, ƙungiyar wasan da Prosper Kompaoré ya kafa a 1978 ta yi suna da wannan salo.

Nijar ma na da nata gado. Kulob-kulob ɗin rediyo da aka kafa a 1962 sun saba wa mutanen karkara da sauraro tare, a yi muhawara, a naɗi muryarsu a mayar gidan rediyo. Samariya a zamanin Seyni Kountché ta haɗa gayya da wasan kwaikwayo. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, sun koya wa mata riƙon asusu da taron mako-mako. Fadodin matasa kuwa suna kowace unguwa. Duk wanda zai shirya zaman zane ba sai ya kafa sabuwar ƙungiya ba, waɗannan su ne ƙofofin shiga.

Yadda ake gudanar da shi

*Share fage.* Kafin a kira taro, masu shiryawa kan je wajen maigari ko mai unguwa, da liman, da ma'aikatar magajin gari, da ofishin gandun daji, su binciko matsayin filin: na hukuma ne, na gado ne, ko kyauta ce da wani ya bayar ba takarda. Filin da ake shari'a a kansa ba a fara aiki a cikinsa.

*Zagayen gani da ido.* A taka wurin tare, da safe da kuma yamma, a lura da masu ratsa shi, inda ruwa ke kwanciya, inda iska ke fitowa, da kututturan da ke da sauran rai. Sau da yawa akan tarar da tohon sabara ko kalgo ko aduwa da za a iya rainawa ba tare da sabon dashe ba.

*Taswirar ƙasa.* A raba mutane rukuni-rukuni: dattawa, mata, matasa, ƴan makaranta, masu dabbobi, masu sana'a a gefen filin. Kowane rukuni ya zana wurin a ƙasa da toka da tsakuwa da kara, yadda yake yau. Dattawa su ƙara da yadda yake a da, da itatuwan da suka ɓace. Raba rukunin wajibi ne, domin taswirar mata takan nuna abin da ta maza ba ta nuna ba, kamar hanyar ɗaukar ruwa da lungun da ƴan mata ke tsoron bi da dare. A ɗauki hoton kowace taswira da waya kafin iska ta share ta.

*Ƙira.* Kowane rukuni ya gina wurin yadda yake son ganinsa, da laka da karan dawa da kaba. Yaran da suka saba ƙera mota da gwangwani sun iya wannan, haka ma mata masu saƙar tabarma, sana'ar da aka san yankin Madawa da ita. A nan ne buƙatu ke karo da juna: matasa na son filin ƙwallo, mata na son wurin zogale da inuwar talla, dattawa na son dakalin hira, mai shanu na son kada a toshe masa burtali.

*Wasa.* Ƴan wasan gari su ɗauki rikici guda su nuna shi, misali akuyar wani babban mutum ta ci dashe, mai gadi na tsoron kama ta. A tsai da wasan a nan, a tambayi jama'a yadda za a yi. Dokokin wurin daga irin wannan muhawara suke fitowa, kuma dokar da mutane suka yi dariya a kanta suka amince da ita a bainar jama'a ta fi wadda aka karanto musu daga takarda ƙarko.

*Zaɓe.* A jera shawarwarin a ƙasa, kowace da alamarta, a ba kowane mutum tsakuwa uku ko biyar ya ɗora inda ya fi so. Inda ake jin nauyin manya, a yi zaɓen a bayan zana, kowa ya shiga shi kaɗai.

*Yarjejeniya.* A rubuta abin da aka tsayar, da Hausa a boko ko ajami, da kuma Faransanci don hukuma: iyakar wuri, masu kula, jadawalin ban ruwa, tarar dabbar da ta yi ɓarna, da yadda za a raba ganye da ƴaƴa da itace. A karanta a masallaci da kasuwa, a kai gidan rediyon yanki in akwai.

Lissafin ruwa da zaɓen iri

Wani sashe na zaman da bai kamata a tsallake ba shi ne lissafin ruwa a gaban kowa. A ɗauka kowane dashe zai sha lita 10 sau biyu a mako. Dashe 100 na buƙatar lita 2,000 ke nan, wato jarka 80 mai lita 25 duk mako. A wata takwas na rani, kimanin mako 35, jarka 2,800 ke nan. In aka ninka da kuɗin jarka a famfon garin, ko aka raba da yawan masu ɗauka, nan take jama'a za su gane ko ɗari za su iya ko talatin. Talatin da suka rayu sun fi ɗarin da suka bushe. Ruwan alwala na masallaci da na wanke hannu a makaranta, in aka ja masa hanya zuwa gindin icce, yana rage wannan nauyi. Ramin rabin wata da tassa, waɗanda manoman jihar Tawa suka ƙware a kansu, suna tara ruwan sama a gindin dashe a cikin gari kamar yadda suke yi a fako.

Wajen zaɓen iri, kowane icce da halinsa. Bedi na saurin ba da inuwa kuma yana jure fari, amma saiwarsa na da yaɗo, ba a dasa shi jikin katanga ko bakin rijiya. Gawo na jinkirin girma, sai dai yana da ganye a rani lokacin da ake neman inuwa, ƴaƴansa kuma abincin dabbobi ne. Bagaruwa na son wuri mai riƙe ruwa kamar bakin tabki, majema na sayen ƴaƴanta. Aduwa da magarya na jure wahala suna ba da abin ci. Kuka da tsamiya na jikoki ne, amma ganyen kuka na shiga miya tun tana ƙarama. Zogale na ba da ganye cikin ƴan watanni, sai dai yana son ruwa da shinge mai ƙarfi. Don shinge, aguwa na kamawa daga reshe kuma dabbobi ba su cinta, lalle kuma na kawo wa mata kuɗi inda ruwa ya wadata. Iccen ƙayar nan da aka shigo da shi daga waje mai suna Prosopis na da saurin mamaye bakin tabki, gara a yi nesa da shi a cikin gari.

Doka da takarda

Zane a ƙasa ba ya hana a sayar da fili. Abin da ke karewa shi ne takarda. Dokar ƙasar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa hukumomin kula da filaye da ake kira COFO, a matakin gunduma da ƙaramar hukuma da gari, kuma su ke tabbatar da mallaka ko kyauta ko aro a rubuce. A ƙaramar hukumar karkara kamar Urno, nan ne za a kai maganar filin da wani ya bayar ko wanda gari ya ware. A unguwannin da aka yanka, sai a nemi ganin taswirar yankan a ma'aikatar magajin gari, a tabbatar wurin na cikin waɗanda aka ware, a nemi izini a rubuce na kula da shi. Dokar daji ta 8 ga Yunin 2004 ta amince da dazuzzukan ƙananan hukumomi da na masu zaman kansu baya ga na gwamnati, amma saran wasu itatuwa da aka kare, irin su gawo, sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Shi ya sa ake son jami'insu ya sa hannu a yarjejeniya tun farko. Yana kuma da kyau a nemi shigar da wurin cikin tsarin raya ƙaramar hukuma da ake kira PDC, domin daga cikinsa ake zaɓen ayyukan da za a ba kuɗi.

Yadda aka yi a wasu wurare

A unguwar Kibera ta birnin Nairobi a Kenya, wata ƙungiya mai suna Kounkuey Design Initiative ta fara aiki da mazauna tun 2006, tana mai da jujin bakin rafi wuraren taruwar jama'a. Kafin gini ana yin zaman zane da ƙungiyoyin unguwa, kuma ana haɗa kowane wuri da wata sana'a, kamar sayar da ruwa ko gidan wanka ko lambu, domin kuɗin da ke shigowa su riƙe gyaransa. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da birane, UN-Habitat, ta fara wani shiri a 2012 mai suna Block by Block, inda matasa ke gina filin unguwarsu a cikin wasan kwamfuta na Minecraft su nuna wa hukuma. Abin da wasan ke yi a can, laka da kara na yin sa a nan. A birnin Alƙahira, lambun Al-Azhar mai hekta 30, da aka buɗe a 2005, an gina shi ne bisa jujin da ya shekara ɗaruruwa ana zuba masa shara. A Nairobi kuma, Wangari Maathai ta tsaya a 1989 ta hana gina dogon bene a filin shaƙatawa na Uhuru, abin da ke nuna cewa wani lokaci aikin farko shi ne hana a ƙwace wurin.

Inda ake tuntuɓe

Zaman zane na iya zama wasan yara in an riga an yanke shawara a ofis, aka tara mutane don a ɗauki hoto. Jama'a kan gane haka da wuri, kuma ba za su sake fitowa ba. Kuɗin zama ma na ɓata lamari: in aka saba biyan mahalarta, ranar da ba kuɗi ba mai zuwa ban ruwa. Haka nan tambayar mutane abin da suke so ba tare da gaya musu abin da ke hannu ba kan haifar da ƙirar da ke da famfo da fitilu da katangar siminti, alhali kuɗin shingen ƙaya kawai ake da su. Gara a faɗi gaskiyar aljihu tun zaman farko.

Akwai kuma waɗanda ake mantawa da su domin ba su da murya a gari: makiyayan da ke sauka a gefen fili da kaka, almajiran da ke kwana a wurin, mai tuyar ƙosai da ta shekara goma a gindin bedi, da gidajen da ba su da inda za su zuba shara ko ba su da makewayi. In aka rufe juji ba a nuna wani ba, sharar za ta dawo da dare. Duk wanda gyaran zai raba da wani amfani, a kira shi zaman, a nemo masa madadi. Wannan shi ne abin da matan Majiya masu awaki suka rasa a farkon aikin kwarin.

Lokacin da ya dace

Zaman zane ya fi kyau bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da aikin gona ya ƙare kuma masu tafiya cin rani ba su gama watsewa ba. Daga Fabrairu zuwa Afrilu a kammala takardu, a kwashe shara, a fara rainon iri a leda, domin dashe kan buƙaci wata uku zuwa huɗu kafin ya isa fitarwa. A Mayu da Yuni a haƙa ramuka, a zuba taki, a kafa shinge. Dashe sai ruwa ya zauna, daga tsakiyar Yuli zuwa farkon Agusta. A watan Oktoba masu kula su fara jadawalin ban ruwa, a watan Mayu mai zuwa kuma a sake taruwa a filin da hoton taswirar farko a hannu, a ƙidaya itatuwan da suka rayu ɗaya bayan ɗaya, a rubuta adadin, a gyara yarjejeniyar inda ta gaza kafin a ƙara dasa wani.